Yadda za ka gane ko gasar fantasi ta cikin duniyar wasa ta zama caca

A gasar fantasi, mutum ne ke zaɓo 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban ya haɗa tawagarsa, sannan ya riƙa tara maki gwargwadon abin da suka yi a fili: ƙwallon da suka ci, wadda suka bayar aka ci, katin da alƙalin wasa ya ɗaga musu. A Fantasy Premier League ana ba ka fam miliyan 100 na ƙage ka sayi 'yan wasa 15, kada su wuce uku daga ƙungiya ɗaya. Shiga kyauta ne, kuma wannan miliyan 100 ba ta sayen komai a wajen wasan, shi ya sa ba mai kiran abin caca. Rigima tana farawa ne idan aka ɗauki wannan tsari aka kai shi duniyar wasa mai kuɗinta na kanta, irin dalar Linden ta wasan intanet na Second Life, ko ISK, kuɗin wasan EVE Online, ko katunan 'yan wasa na dijital na shafin fantasi na Sorare, aka ce da su za a biya kuɗin shiga, da su kuma za a ba da kyauta.

Ko kai ne mai shirya gasar ko mai niyyar shiga, binciken ɗaya ne. Yawancin dokoki suna neman abu uku kafin su kira wasa caca: abin da aka zuba, kyautar da za a ci, da rawar da sa'a ke takawa. In ɗaya ya ɓace gaba ɗaya, galibi ba caca ba ce. Masu shirya gasa sun fi son a tsaya kan na uku, a yi ta muhawarar gwaninta da sa'a. Mu a ganinmu nan ne ƙasa ta fi santsi. Fara da kuɗin.

Bi sawun kuɗin tun daga shigarsa har fitarsa

Ɗauki takarda ka rubuta duk hanyar da kuɗin wasan ke zuwa hannun mutum: sayensa da katin banki, samunsa ta hanyar yin wasa, kyautar da ake rabawa kullum, ko karɓarsa daga wani ɗan wasa. Sannan ka rubuta duk hanyar da yake fita. Ƙofar fita iri uku ce, kuma kowacce da nauyinta.

Ta farko ita ce wadda kamfanin ya buɗe da kansa. Second Life tana da kasuwar canji mai suna LindeX, inda shekaru da dama ake canza dalar Linden wajen 250 da dalar Amurka ɗaya. Inda akwai irin wannan ƙofa, babu sauran magana: wanda ya zuba dalar Linden kuɗi ya zuba. Wannan ne ya sa Linden Lab, kamfanin da ya mallaki Second Life, ta haramta caca a duniyarta a watan Yulin 2007.

Ta biyu ita ce kasuwar bayan fage. Kamfani ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa an hana sayar da kuɗin wasa, amma ga shafuka nan birjik suna saye suna sayarwa. Kada ka dogara da abin da aka rubuta. Bincika da kanka: nemi sunan kuɗin a intanet tare da kalmar saye, ka ga ko akwai farashi tsayayye da masu ciniki a kai a kai. A Birtaniya, dokar caca ta 2005 tana maganar kuɗi ko abin da ya kai darajar kuɗi, kuma hukumar caca ta ƙasar ta ɗauki duk kayan wasan da za a iya mayarwa kuɗi a matsayin haka. A watan Fabrairun 2017 mutum biyu da ke tafiyar da shafin FutGalaxy sun amsa laifi a kotun Birmingham, saboda mutane, har da yara, suna zuba kuɗin wasan FIFA a kan sakamakon wasanni ba tare da shafin yana da lasisi ba. Kamfanin EA, mai wasan FIFA, ya hana cinikin waɗannan kuɗi a ƙa'idojinsa, amma hanin bai ceci masu shafin ba.

Ta uku ba ta ma yi kama da ƙofa ba. Kuɗin ba ya fita ko'ina, amma in ya ƙare sai ka sayi wani kafin ka ci gaba da wasa. A 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke cewa tsabar wasan Big Fish Casino abu ne mai daraja a dokar jihar Washington, domin cin su yana ƙara wa mutum damar yin wasa ba tare da ya sake biya ba. An sasanta ƙarar a kan dala miliyan 155. Shekara ɗaya kafin nan, wata kotun ta tabbatar da korar ƙara makamanciyarta kan wasan Game of War a ƙarƙashin dokar Maryland, ta ce mai ƙarar bai yi asarar kuɗi na gaske a cacar ba. Ƙasa ɗaya, hukunci biyu, saboda kalmomin dokar jihohin sun bambanta.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cakuɗa kuɗin saye da na kyauta a jaka ɗaya. Da zarar sun haɗu, ba wanda zai iya nuna cewa abin da aka zuba a gasar ba sayensa aka yi ba. Gyaran shi ne a raba su biyu: tikitin gasa wanda ba a sayarwa, ba a miƙa wa wani, ba a canzawa, daban da kuɗin da ake saye. Haka ma kyautar: in kati ne ko riga ta cikin wasa, a ɗaure ta da asusun wanda ya ci ta yadda ba za ta je kasuwa ba.

Katunan Sorare sun nuna wahalar abin. Shiga gasar ba sai ka biya kuɗin shiga ba, amma sai ka mallaki katunan da ake saye, ana kuma sayar da su a buɗe. A 2024 hukumar caca ta Birtaniya ta tuhumi kamfanin da gudanar da caca ba lasisi, kamfanin ya musanta. A shekarar ce kuma Faransa ta yi wa irin waɗannan wasanni rukuni na daban a dokarta, na gwaji na shekara uku. Abin lura: sayen kayan da sai da shi ake shiga yana iya zama zubi, ko da an rubuta shiga kyauta ne.

Duba yadda aka tsara kyautar

Dokar Amurka kan cacar intanet ta 2006, wato UIGEA, ta ware gasar fantasi daga abin da ta kira caca, bisa sharuɗɗa. Dole a sanar da kyautar tun kafin a fara, kuma kada yawan masu shiga ko abin da suka biya ya canza ta. Dole sakamakon ya dogara da sani da gwanintar masu gasa, daga alƙaluman 'yan wasa da yawa a wasanni da yawa. Ba za a gina shi kan sakamakon ƙungiya ɗaya ba, ko kan abin da ɗan wasa ɗaya ya yi a wasa ɗaya.

Sharaɗin farko ne ke kayar da ƙananan masu shiryawa. A ce ka sa ran mutum 200, kowa ya zuba tsaba 1,000, jimla 200,000. Ka cire kashi 12 cikin ɗari na kamasho, wato 24,000, ka sanar da kyautar 176,000. Sai mutum 120 kawai suka shiga. Ka tara 120,000, kana da giɓin 56,000 da za ka cike daga aljihunka. Don gudun haka sai mai shiryawa ya ce kyautar ita ce abin da aka tara ban da kamasho, kuma da wannan jimla guda ya mayar da gasarsa zubin haɗaka, wanda a Birtaniya lasisi yake buƙata. Mafita ita ce a ƙayyade mafi ƙarancin masu shiga, in ba su cika ba a soke gasar a mayar wa kowa abinsa kafin a buga wasan farko.

A kula, UIGEA ba ta halatta komai ba, magana take kan hada-hadar biyan kuɗi. Kowace jiha da dokarta. A Oktoban 2015 hukumar caca ta Nevada ta ce fantasi na kullum, wato gasar da ke ƙarewa a yini ko mako guda, caca ne, sai da lasisi. Wata guda bayan haka babban lauyan jihar New York ya umarci kamfanonin fantasi na DraftKings da FanDuel su dakata, majalisar jihar ta halatta wasan a 2016, kuma sai a 2022 babbar kotun jihar ta tabbatar da dokar.

Auna gwaninta da sa'a

Ana iya aunawa in akwai bayanan kaka guda. Raba kakar biyu, ka duba ko waɗanda suka yi fice a rabin farko su ne suka yi fice a na biyu. Sannan ka sa kwamfuta ta haɗa tawagogi dubu da ka, cikin kasafin da aka ƙayyade, ka gwada makinsu da na mutane. In mutane ba su fi waɗannan tawagogi na kwamfuta ba, sa'a ce ke mulki. Gasa mai mako 38 tana ba gwani lokaci ya bayyana. Ta yini ɗaya kuwa, rauni guda ko jan kati a minti na goma ya isa ya rusa lissafi. Wanda ya fi kowanne kusa da caca shi ne tsarin da ake ce maka ka zaɓi 'yan wasa biyu zuwa biyar ka faɗi ko za su wuce wani adadi, kana karawa da kamfanin ba da sauran mutane ba. Jihohi irin su Florida da Michigan sun taka wa wannan birki a 2023.

Amma nasarar wannan awo tana amfani ne kawai inda doka ke tambayar wanne ya rinjaya. Wasu wuraren sa'a kaɗan ma ta isa. Indiya ce misali mafi zafi: tun 2017 kotuna suka ce gasar fantasi ta Dream11 wasan gwaninta ce, sai a Agustan 2025 majalisar ƙasar ta haramta wasannin intanet na kuɗi baki ɗaya, gwaninta ko sa'a, Dream11 ya rufe gasanninsa na biya. Ga Musulmi kuma, sunan da doka ta ba wasa ba shi ne hukuncinsa a addini ba. Inda kowa ya zuba, wani ya kwashe, wani ya tashi hannu rabbana, tambayar ta malamai ce.

Karanta ƙa'idojin mai duniyar

Kamfani yana iya rufe ka tun kafin hukuma ta san da kai. A Yulin 2016 Valve, mai wasan CS:GO, ta aika wa shafuka 23 da ke caca da kayan wasan takardar su daina. A ƙarshen shekarar CCP, mai wasan EVE Online, ta hana caca da ISK, ta kuma ƙwace dukiyar wasu manyan masu harkar. Second Life ta buɗe ƙofa ga wasannin gwaninta a 2014, amma a yankuna na musamman, ga masu shiryawa da aka tantance, tare da hana mazauna wasu jihohi da ƙasashe shiga.

A wajen doka kuma, galibi wurin da mai shiga gasar yake zaune shi ake dubawa, ba inda aka ajiye na'urar shafin ba. Mai shirya gasar biya yana buƙatar tantance shekaru da takardar shaida, ba akwatin da ake dannawa a ce na kai 18 ba, da hanyar toshe yankunan da aka hana. Ya kuma ajiye abin da masu gasa suka zuba a asusu daban da na gudanarwa. Bayan haramcin 2007 a Second Life, jama'a sun yi rububin cire ajiyarsu daga bankin cikin wasa mai suna Ginko Financial, bankin ya kasa biya ya durƙushe, kuma babu wata hukumar inshorar ajiya da ta mayar wa kowa ko dalar Linden ɗaya.