Yadda na fitar da mota daga rairayi a hanyar Gadabeji

Motar ta kafe ne gaba da Dakoro, a jihar Maradi ta Nijar, da iyali a ciki, kuma dalilin ɗaya ne: iskar tayoyin tana kan bar 2.2 (bar shi ne awon ƙarfin iskar taya), irin ta kwalta. Taya mai tauri haƙa take yi a rairayi, kuma duk wutar da direba ya ƙara, binne motar yake.

Na kashe inji, kowa ya sauka. Na rage iskar tayoyin huɗu zuwa bar 1.2, da ma'auni, ba da ido ba. A haka taya take bajewa ta hau yashi. Sannan na kwashe rairayin gaban kowace taya da shebur, musamman na ƙarƙashin motar, domin in cikinta ya zauna ƙasa, tayoyi juyin banza suke yi. Wannan ne mutane suka fi tsallakewa. Na cusa tabarmin ƙafa gaban tayoyin, na miƙe sitiyari, na tashi da giya ta biyu a hankali.

Da ƙarancin iska kada a karya kwana da ƙarfi, taya tana iya zamewa daga ƙarfenta. Kafin komawa kwaltar Maradi a mayar da iskar da famfo, in ba haka ba taya za ta yi zafi ta fashe.