Tanki na biyu a motar tseren gajeren zango: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi yake haura digiri 40, wani matashi ya shigo mini gareji da Golf 3. Tun bai kashe injin ba warin fetur ya riga shi isowa. Da ya ɗaga but sai ga wani tanki na falle, aikin mai walda, wanda zai ci lita 50, an ɗaure shi da igiyar roba. Batir yana gefensa, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. Tiyon da aka ja daga cikinsa irin farin nan ne da ake ban ruwa da shi a lambu, har ya soma ƙandarewa ya koma ruwan ƙasa.

Ya ce, "Baba, wagga mota in na taka ta daga tsaye sai ta riƙa sarƙewa, shi as sa na ƙara mata tanki."

Na ce, "Ɗana, fara cire kan batir tukuna, sannan mu yi magana."

Tseren da yaran nan ke sha'awa a waya suke kallonsa. Motoci biyu ne ke tashi daga tsaye a kan miƙaƙƙiyar hanya, tsawonta rubu'in mil, wato mita 402, wani lokaci ma rabin haka. A Amurka ya yi ƙarfi, inda Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 domin a janye matasa daga tsere a titunan gari a kai su fili mai ƙa'ida. Ba irin gasar motocin da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu ba ce, wadda ake cin dogon zango. Nan magana ce ta daƙiƙa 12 ko 15, kuma daga rashin gane wannan bambanci kuskure na farko yake fitowa.

Mutane suna zaton tanki na biyu don ƙarin mai ne. Injin mai ƙarfin doki 300, ko an danne totur har ƙasa, abin da yake sha a minti ɗaya wajen lita ɗaya da rabi ne. Ke nan a tsere guda ko rabin lita ba ya ƙonewa. Ita kuwa litar fetur nauyinta ya kusa gram 750, lita 60 ta tashi wajen kilo 45, kusan buhun siminti. Masu wannan wasa sun daɗe da lissafin cewa duk kilo 45 da ka ɗora wa mota yana cinye maka kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma da ƙasa da haka ake kayar da mutum. Ka kashe kuɗi ka saya wa motarka nauyi.

Abin da ke sa mota sarƙewa a tashin farko wani abu ne daban. Ɗauki kwano da ruwa rabi ka zabura da gudu, za ka ga ruwan ya koma baya. Haka fetur yake yi. Idan man ya yi ƙasa, bakin famfon ya tsaya a fili, ya zuƙi iska. A motar kafireto akwai ɗan kofi da ke riƙe mai, zai rufa asiri na ɗan lokaci. A motar injekta kuwa nan take matsin mai yake faɗuwa, injin ya samu iska da yawa mai kaɗan a daidai lokacin da yake aiki mafi tsanani, zafi ya hau, filogi ya ƙone, wani sa'in fistin ya huje. Maganin farko ba ya cin ko kwabo: ka shiga tsere da mai sama da rabin tanki, ka canza matatar mai, ka sa geji ka auna matsin famfonka. Motoci da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa, kuma ni nakan faɗa wa mai mota haka ko da zai hana ni samun aiki.

Idan an yi wannan abin bai bari ba, ko an ƙara wa injin ƙarfi sosai, to sai a zo ga tanki na biyu, kuma ƙarami ake nufi. Lita biyu ko uku, siriri, dogo a tsaye kamar gwangwani, yadda man ba shi da wurin gudu. Famfon asali yana cika shi daga babban tanki, sabon famfo mai ƙarfi yana ja daga gindinsa zuwa injin, rarar da injin ya dawo da ita ta zubo cikinsa ta sama, sannan a can ƙololuwarsa akwai bututun da ke mayar da ambaliya babban tanki. Baki huɗu ke nan. Wanda ya yi maka uku bai gama aiki ba.

A kan wannan bututun dawowa nake so a tsaya, don shi ne ya fi kawo mini motoci. Famfon injekta ba ya auna abin da injin ke buƙata, turawa kawai yake yi, na'urar daidaita matsi ta riƙe wajen ba 3 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), sauran ya koma. Famfon Walbro da ake yawan sawa yana tura lita 255 a awa, sama da lita huɗu ke nan a minti, kuma idan mota tana tsaye tana silo kusan dukansa dawowa yake. Yanzu a ce kana ja daga sabon tanki, amma ka bar bututun dawowa inda kamfani ya sa shi. Cikin minti uku lita 10 ta ƙaura, sabon tanki ya bushe, mota ta mutu kafin a ɗaga tuta. Idan aka juya lamarin, ana ja daga babba ana zubawa a ƙarami ba hanyar ambaliya, ya fi muni, domin ƙaramin zai cika ya kumbura, man ya nemi hanya ta murfi ko ta ɗinkin walda. Abin da ya faru da motar yaron nan ke nan. Da na ɗaga kafet ɗin but, ramin safaya taya cike yake da fetur, har igiyar robar ta jiƙe ta yi laushi.

Ƙa'idar guda ce: inda mai ya fito, can zai koma. Mai son tankuna biyu masu zaman kansu sai ya nemi bawul mai baki shida, wanda ke juya hanyar tafiya da ta dawowa lokaci guda, irin wanda ke jikin tsofaffin a-kori-kura na Ford masu tanki biyu. Haɗa su da ɗan ƙarfe mai reshe uku, kamar yadda ake raba ruwan famfo a gida, yana sa ɗaya ya riƙa tsiyaya cikin ɗaya, ko famfo ya zuƙi iska daga wanda ya ƙare. Bututun ambaliya kuma kada ya gaza na shigowa faɗi, kada ya lanƙwashe. Sababbin motoci da yawa ba su da bututun dawowa sam, na'urar matsin tana cikin tanki. Irin waɗannan sai an sa musu na'ura a waje an ja sabon layi.

Sai wurin ajiyewa. A yankinmu an san aikin ƙarin tanki tun da daɗewa, saboda iyaka da Nijar da Benin, kuma wasu masu walda sun saba da ɓoye shi a ƙarƙashin kujera ko cikin bangon mota. Waccan dabara don ɓoyo aka yi ta, ba don tsira da rai ba. Kada fetur ya zauna ɗaki ɗaya da direba. Dokar NHRA ta ce idan tanki yana cikin but, dole a raba shi da mazaunin direba da bango na ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 0.6, ko alminiyom mai milimita 0.8, a toshe kowace kafa. Kujerar baya ba bango ba ce, soso ne da yadi. A mota irin Golf, wadda but ɗinta da cikinta a haɗe suke, sai an yi wa tankin akwatin ƙarfe mai murfi, a huda masa magudana zuwa ƙasa. A ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe biyu da noti mai faffadan wasa a jikin shasi, a sa roba tsakani don kada ya goge. A nisanta shi da salansa, kada kuma ya zama shi ne abu na farko da za a daka idan an bugo motar ta baya. Batir ya bar wurin, ko ya shiga nasa akwatin.

Numfashi ma ana mantawa da shi. Tanki mai zaman kansa yana buƙatar iska ta maye gurbin man da ya fita, in ba haka ba famfo ya tsotse shi ya lotse. Wasu sai su huda murfi da ƙusa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasan but, kuma idan ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A ja bututun numfashi daga saman tanki, a ɗaga shi sama, a fitar da shi waje, a sa masa bawul ɗin da ke rufewa idan mota ta kife. Da hunturu ƙura takan toshe bakinsa, don haka a sa ɗan tace a riƙa dubawa. Kada a cika tanki fal: fetur yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin digiri 10, kuma man da aka zuba da asuba ba shi ne zai kai azahar a but ɗin da rana ta gasa ba.

Tiyo kuwa araha ba ta ado. Na ruwa fetur yana cinye shi. Na kafireto an yi shi don matsi kaɗan, famfon injekta zai fasa shi. Karanta rubutun jikinsa: SAE J30R9 shi ne na injekta, J30R10 shi ne wanda ke jure zama tsundum cikin fetur. Doguwar tafiya daga baya zuwa gaba a yi ta da bututun ƙarfe ta ƙarƙashin mota, a kama shi da kilif kusa-kusa, roba ta tsaya a mahaɗa kawai. Dokar NHRA ba ta yarda tiyon roba tsura ya wuce inci 12 a duk motar ba. Waya da aka murɗe da filaya ba kilif ba ce.

Famfon da aka sa a wajen tanki turawa ya iya, bai iya zuƙa daga nesa ba. A sa shi ƙasa da gindin tanki, kusa da shi. Matata mai faɗin ido, maikiron 100, ta zo kafinsa, mai ƙanƙanen ido, maikiron 10, ta zo bayansa. Idan aka juya su famfo zai yi ta kuka, man ya yi kumfa da zafin rana, cikin 'yan makonni ya ƙone.

Wajen wuta nakan roƙi 'yan rewaya su ji tsoron Allah. Na sha ganin famfo an ja masa waya kai tsaye daga batir zuwa makunni a gaban direba, ba fis. Irin wannan famfo yana jan amfiya 10 zuwa 15, siririyar waya za ta yi zafi, kuma idan aka yi haɗari direba ya suma, famfon zai ci gaba da feso mai a kan injin mai zafi har batir ya ƙare. A yi amfani da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, a sa fis dab da batir, wayar famfon asali ita ce za ta riƙa tayar da rilen, ta yadda da injin ya tsaya kwamfutar mota za ta yanke duka biyu. A haɗa jikin tankin da bodi da waya. Idan batir ya koma baya, a sa makashi a waje inda mai kawo ɗauki zai kai hannu.

Tankin da ya taɓa ganin fetur kada a kai masa wutar walda, ko an wanke shi, ko ya shekara a rana. Wanda babu komai a ciki shi ya fi fashewa. Sabo za a ƙera, a gwada shi da iska kaɗan da ruwan sabulu kafin ɗigon mai ya shiga.

Akwai masu sa tanki na biyu don wani mai daban, kamar metanol. Wannan sai mutum ya san cewa injin yana buƙatar ninki biyu da ɗoriya na abin da yake sha na fetur, ga shi yana cin alminiyom tsura da robar da ba tasa ba. Ba a juya bawul kawai a ce an canza mai. Sai an sake nozul da saitin kwamfuta.

Batun hukuma ma yana nan. A 2019 gwamnati ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma har yau mota mai tanki biyu a hanyar Kamba dole kwastam su tambaye ta. Ƙaramin tanki a bayyane, mai lita biyu, ya fi sauƙin bayani. Tseren kansa ba na titin Jega ko na Argungu ba ne, inda babura da amalanke da yara ke tsallakawa. Sai fili rufaffe, da izini, da hular kwano, da tukunyar kashe gobara mai hoda a hannun wanda ya san amfani da ita, don ruwa watsa wutar fetur yake yi.

Motar yaron kwana huɗu ta yi a wurina. Muka cire tankin falle, muka wanke but, muka bar shi a buɗe kwana guda. Da muka sa geji sai ga famfon asali da kyar yake kai ba 2, matatarsa ta toshe da laka. Muka canza su. Duk da haka ya nace yana son ƙaramin tankin, muka ɗaura masa na lita biyu a cikin akwati, da bakinsa huɗu. Kafin a tayar da injin na sa aka murɗa makulli sau biyar, na bi kowace mahaɗa da farin tsumma ina dubawa. Ɗaya ta jiƙe, ta bayan matata. Muka ƙara ɗaure ta, muka sake bi daga farko.