Daga Zariya zuwa kurmin Okomu: kurakuran da ke ɓata wa mutane tafiya

Yawancin mutanenmu in suka ce za su gandun daji, Yankari ce a ransu. Ko dai makaranta ta taɓa kai su, ko sun ga hotunan 'yan'uwa a ruwan Wikki. Da wannan tunanin ake shirya tafiya Okomu ta jihar Edo ko gandun Kuros Riba, kuma kusan duk sauran kurakuran daga nan suke tsirowa. Yankari daji ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi, kana zaune a mota kana hango dabba daga nesa. Okomu kuwa kurmi ne. Itatuwa sun haɗe kai a sama, da rana tsaka sai ka ɗauka magariba ta kawo jiki, ido ba ya wuce 'yan taku, kuma da ƙafa ake ratsa shi.

Don haka wanda ya tara iyali ya ce su zo a je kallon giwa ya ɗauko alkawarin da ba lalle ya cika ba. Akwai giwa a Okomu, amma giwar kurmi ce, ba ta kai ta Yankari girma ba, 'yan kaɗan ne suka rage, kuma gudun mutum suke yi. Abin da za ka gani shi ne sawunta a taɓo, da kashinta, da reshen da ta karya. Haka goggon biri, wato gorila, na Kuros Riba: gaba ɗayansu, na Nijeriya da na Kamaru, ba su wuce kimanin 300 ba, masu bincike ma sai su daɗe ba su yi ido huɗu da ɗaya ba. Gyaran shi ne ka sauya abin da ka je nema. Okomu na da birin nan mai farin maƙogwaro wanda ba a samun sa sai kudancin Nijeriya da Jamhuriyar Benin da Togo. Akwai tsuntsaye iri-iri har kusan 150, ciki da manyan dangin cilakowa waɗanda tun kafin ka gan su za ka ji fukafukansu na huci a sama. Ka fito da sanyin safiya, bayan sallar asuba, ka kama bakinka. Ayarin ɗalibai ashirin da ke tafe ana raha da kiɗa a waya, ko ɓera ba za su gani ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne na lokaci. Mutumin Zariya ya san Maris da Afrilu bazara ce, ƙasa ƙaƙas, sai ya sa tafiya cikin hutun wannan lokacin. Alhali a kudu ruwa ya riga ya sauka tun Maris, ba kuma zai ɗauke ba sai wajen Oktoba ko Nuwamba. Ruwan da Okomu ke samu a shekara ya haura milimita 2,000, kusan ninki biyu na namu, ɓangaren Oban na Kuros Riba ma ya fi haka. Hanyar da ke shiga gandun ba duka ke da kwalta ba, in ta sha ruwa ƙaramar mota ba ta kai labari. Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke fasa mana leɓe a nan, shi ne lokacin zuwa can.

Sai hanya. Daga Kwangila zuwa Kaduna, Abuja, Lokoja, Okene, Auchi har birnin Benin ya haura kilomita 700, daga nan kuma akwai wasu kimanin 60 zuwa gandun ta garin Udo. Masu cewa za su yi sammako su kwana cikin gandun a ranar ba su san hanyar ba ne. A raba ta biyu, a kwana Abuja ko Lokoja, a shiga Benin da sauran rana, washegari a ƙarasa. Wanda hankalinsa bai kwanta da titin Kaduna ba ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu. Tafiyar dare dai a bar ta.

Akwai maganar da ba ta da daɗi amma dole a yi ta. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 'yan Arewa 16 a Uromi, cikin jihar Edo, bayan 'yan banga sun tare motarsu sun ga bindigogin farauta. Kada kowa a ayarinku ya ɗauki wuƙa ko adda da sunan ai daji za a shiga, ma'aikatan gandun na da nasu kayan aikin. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, ɗalibai su karɓi takarda daga sashensu. Kafin a tashi a tuntuɓi Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa, hedkwatarta na Abuja, ko ofishin gandun kansa, a ji halin da ake ciki, domin wurin ya sha fama da masu satar katako. Zuwa ba sanarwa yakan sa a tarar babu ɗan rakiya, babu ɗakin kwana, kuma ba a barin baƙo ya shiga shi kaɗai. A nan ne za ka tambayi kuɗin shiga da na kyamara, ka riƙe tsabar kuɗi tun daga Benin, don sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a ciki. Ka tambayi lafiyar ɗakin kallon da aka kafa a kan wani rimi mai tsawon ƙafa 140. Bazazzagi ya san rimi tun yana goye, amma hawa samansa ka hango kan kurmi wani abu ne daban. Sai dai katako ba ya daɗewa a wannan laimar, kada ka sa rai sai an tabbatar maka yana hawuwa.

Sutura kuma, kaftani da silifas na zaman masauki ne. Hanyar kurmi na da santsi da saiwoyi, ga kwarkwasa da ke ratsa ta jere-jere. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto a kan layinsu bai lura ba, kafin ya ankara sun haura cikin wando, sai ka ga dattijo mai kamala yana tsalle yana neman inda zai tuɓe. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, ƙafar wando a cusa cikin safa, riga mai dogon hannu mara nauyi. A guji baƙi da shuɗi, su ne launukan da ke jawo ƙudan tsando. Mata su zaɓi hijabin da bai kai ƙasa ba, su sa wando a ciki. Turaren nan namu mai ƙarfi a bar shi a jaka sai an dawo gari.

Kowa na cewa ai mun saba da sauro. Sabo ba rigakafi ba ne: a tafi da gidan sauro da man shafawa mai korar ƙwari, wanda bai yi allurar shawara ba ya yi aƙalla kwana goma kafin tafiya, don cutar ta ɓarke a Edo a 2018. Jihar kuma na cikin wuraren da zazzaɓin Lassa ya fi kamari, musamman da rani, wato daidai lokacin da muka ce a je. Ɓera ke yaɗa shi, saboda haka abinci ya kwana a rufe cikin roba mai murfi. Wannan ma zai ceci kilishinka. Wanda aka naɗe a takarda, da zai yi wata guda a Zariya lafiya lau, a can cikin 'yan kwanaki sai ya yi laushi ya soma fumfuna. Mai son naman da ya san yankansa ya biya Aduwawa a Benin, inda Hausawa suke da yawa, ya yi guzuri. Naman daji da ake tallarsa a bakin titi a wuce shi. Alƙibla kuma a tanadi abin duba ta tun daga gida, don rana ba ta ganuwa sosai ƙarƙashin itatuwan nan.

Na ƙarshe ɗabi'ar tsaraba ce. Wani in ya ga itacen da bai sani ba sai ya ce bari ya ɗan sassaƙa, ƙila maganin basir ne. Tun 1999 Okomu ke ƙarƙashin dokar gandayen ƙasa, kuma ɗibar sassaƙe ko saiwa ko dabba laifi ne da kan kai mutum gaban kotu. Haka in wani ya tare ka a hanya da aku a keji yana cewa araha ne, kada ka saya. Daga irin waɗannan kurmin ake kamo su, kuma tun 2017 aka haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. In tsaraba ake so, ga manja da ayaba a kasuwannin bakin hanya, ga kuma kayan tagulla a titin Igun cikin birnin Benin.