Kurakuran da ke sa ma'aikaci rasa diyyar raunin da ya ji a bakin aiki

Yawancin masu rasa diyya ba a kotu suke rasa ta ba. Tun a kwanakin farko, a cikin ma'aikatar, maganar ke lalacewa.

Babban kuskure shi ne yin shiru. Inji ya datse wa mutum yatsa, ko bayansa ya riƙe garin ɗaga kaya, sai oga ya dafa shi ya ce, "Je ka huta kwana biyu, za mu biya kuɗin magani, ba sai an rubuta ba." Shi kuma ya ɗauka karamci ne. Sau da yawa ba don Allah ake yi ba: rahoton hatsari kan iya ƙara wa kamfani kuɗin inshora, ko ya jawo masu bincike. Bayan wata uku ciwo ya tsananta, sai a ce ai a gida ya ji shi, kuma abokan aikin da suka gani sun yi gum don tsoron abincinsu. Maganin wannan shi ne sanarwa a rubuce tun ranar: lokaci, wuri, yadda abin ya auku, da sunayen shaidu. Ka riƙe kwafi. Ko saƙon waya ya fi maganar fatar baki, tunda yana ɗauke da kwanan wata.

Wasu kuma sun sanar, amma suka naɗe hannu suna zaton kamfani ya tura takardu. Sanar da oga daban, shigar da buƙatar diyya daban, kuma kowanne da wa'adinsa. A Najeriya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wurin aikinsa, su kuma masu wurin aikin su kai rahoto ga NSITF, hukumar gwamnati mai kula da diyyar ma'aikata, cikin kwana 7, buƙatar diyya kuma a shigar cikin shekara ɗaya. A jihar New York ta Amurka kwana 30 ne na sanarwa, shekara biyu na shigar da buƙata. Nemi shaidar cewa an tura, in an yi ta yi maka jeka-ka-dawo ka tuntuɓi hukumar da kanka.

"Ai ni na yi sakaci" ma yana hana mutane motsi. Tun da Jamus ta kafa inshorar hatsarin aiki a 1884, ginshiƙin tsarin shi ne ba a tsaya neman mai laifi ba. Abin da kan iya jawo matsala shi ne maye ko ganganci na sani.

A asibiti, ka faɗa wa likita ƙarara cewa a wurin aiki ne, ya rubuta. Kada ka ɓoye tsohon ciwo. In an gano daga baya, duk maganarka ta zama abin shakka.

Sai takardar da ake miƙo wa mutum yana kan gado, da ɗan kuɗi a ambulan. Kada ka sa hannu sai lauya ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ya karanta, musamman in ta ajiye aiki ce. Barazanar kora ma ka rubuta ta: wa ya faɗa, yaushe, a gaban wa. Dokar Najeriya ta haramta hana ma'aikaci kai rahoto ta hanyar barazana ko lallashi, kuma ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo, don haka "kai ba cikakken ma'aikaci ba ne" ba hujja ba ce a can. A wata ƙasar, bincika abin da tata dokar ta ce kafin ka haƙura.