Yadda na gyara kuskurena a gwajin t

Kwana biyu na yi ina fama da wani aiki na darasin ƙididdiga. Makin ɗalibai 12 ne a hannuna, na kafin a ba su horo da na bayan horon. Gwajin t nake yi a kansu, wato lissafin da ke nuna ko bambancin makin na gaske ne ko dace ne kawai. Da ido ma ana ganin kusan kowa ya ƙaru, amma darajar p, wato lambar da gwajin ke fitarwa, ta ƙi sauka ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba bi kafin a ce bambancin na gaske ne.

Ashe gwajin da na zaɓa ne bai dace ba. A manhajar Excel, lambar ƙarshe cikin T.TEST, umarnin da ke yin gwajin t, ita ke nuna nau'in gwaji. Ni kuwa 2 na sa, wato na ɗauki makin tamkar na rukuni biyu da ba ruwan wani da wani, alhali mutanen nan dai su ne aka auna sau biyu. Tazarar da ke tsakanin masu ƙoƙari da masu rauni ta cika lissafin, har ta binne ƙaruwar da kowa ya samu.

Sai na mayar da lambar zuwa 1, wato nau'in gwajin da ake yi idan mutane ɗaya ne aka auna sau biyu. Don hankalina ya kwanta, na sake yi da hannu: na cire makin farko daga na biyu ga kowane ɗalibi, na yi gwajin a kan bambance-bambancen nan 12 kaɗai. Jadawalin t a layi na 11, wato 12 a cire 1, ya ba da iyaka 2.201. Darajar t da na samu ta wuce haka, wato p ta sauka ƙasa da 0.05.