Yadda Ake Rage Ɓarnar Wuta, Takarda da Ruwa a Ofishin Gwamnati a Akra

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar ma'aikatu da ke tsakiyar Akra bayan sallar magariba zai ga benayen da aka kulle tun ƙarfe biyar, amma fitilu na ci a cikinsu, na'urorin sanyaya ɗaki kuma na ta ɗigar da ruwa a jikin bango. Mu da muke fitowa daga Nima da Mamobi da Sabon Zongo muna zuwa aiki a waɗannan ofisoshi, babu wanda zai bar gidansa a haka, domin mitarmu ta kati ce, kowane sidi da ya tafi muna jin zafinsa. Bambancin kawai shi ne, a ofis, wanda yake kunna na'ura bai taɓa ganin takardar kuɗin wutar ba. A nan gyaran yake farawa.

Mataki na farko shi ne a fito da lissafi fili. A nemi ofishin akanta ya tattaro takardun kuɗin wuta na ECG, wato kamfanin rarraba wutar lantarki na Gana, da na ruwa na wata goma sha biyu da suka wuce, a haɗa da litar man da janareta da motoci suka sha, da yawan ƙunshin takardar da ya fita daga sito. A rubuta su wata-wata a shafi guda, a liƙa a allon sanarwa inda kowa zai gani, daga darakta har masinja. Sa'an nan darakta ya ɗora alhakin wannan shafi a kan mutum ɗaya, da sunansa, a rubuce. Ban ga amfanin kafa babban kwamiti a wannan gaɓa ba, domin abin da aka ce na kowa ne yakan zama ba na kowa ba.

Mataki na biyu shi ne wutar lantarki, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Da yawa daga cikinmu har yanzu suna ɗauka cewa wutar Gana daga madatsar Akosombo take fitowa, alhali mafi yawanta yanzu daga tashoshin da ke ƙona iskar gas da mai ne a Tema da Aboadze, don haka duk na'urar da aka bari tana aiki a banza, hayaƙi ne ake ƙarawa a sama. Wanda ya ga shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wuta, daga 2012 zuwa 2016, ya san kuma abin da ƙarancinta yake jawowa.

Na'urar sanyaya ɗaki ce ta fi komai cin wuta a ofis. A tsayar da ita a kan digiri 24 ko 25 maimakon 16, a rufe ƙofofi da tagogi idan tana aiki, a kuma wanke matatarta duk wata, domin wadda ƙura ta toshe, musamman a lokacin hunturu, tana ƙara wahala kafin ta sanyaya ɗaki. A wani ofis da na yi aiki, wata dattijuwa mai shara tana isowa ƙarfe shida na safe, ta bi ɗaki-ɗaki tana kunna na'urori don manya su tarar da sanyi, su kuwa ba sa shigowa sai wajen tara. Na ce mata, "Mama, wa ya ce ki riƙa kunnawa?" Ta ce haka ta tarar ana yi. Ba laifinta ba ne, babu wanda ya taɓa gaya mata wani abu dabam. Saboda haka, a kira masu shara da masu gadi a zauna da su cikin mutunci, domin su ne na farkon shiga da na ƙarshen fita, a ba mai gadin yamma aikin zagayawa da ƙarfe shida ya kashe abin da aka manta, ya rubuta lambar ɗakin a littafinsa.

Game da fitilu, ba sai an jira babban kasafi ba: duk doguwar fitila mai wat 36 da ta mutu, a maye gurbinta da ta LED mai wat 18. Kwamfuta da firinta da injin kwafi a kashe su daga soket a ranar Juma'a. Maganar faifan sola kuwa a ajiye ta tukuna, sai an rage ɓarna, don kada a sayi abin da ya fi buƙata girma.

Mataki na uku shi ne takarda. A saita kowace firinta ta riƙa bugawa gaba da baya, a tara ma'aikatan sashe a kan firinta ɗaya maimakon kowane tebur da tasa, a aika da takardun taro ta imel kwana biyu kafin zama. Sai dai a yi hattara da tsofaffin fayiloli. Takardar gwamnati ba a ƙona ta, ba a kuma miƙa wa masu tuyar ƙosai su naɗe kaya da ita. Hukumar adana takardun gwamnati, PRAAD, ita ke da ikon cewa wannan a ajiye, wancan a lalata, kuma sai da izininta za a ba masu sake sarrafa takarda.

Ruwa ba ya buƙatar dogon bayani. A karanta mitar ruwa da yammacin Juma'a, a sake karantawa da safiyar Litinin. Idan ta motsa alhali babu kowa, to akwai yoyo, galibi a tankin bayan gida ko a tankin sama da ke ambaliya cikin dare. A wurin alwala, a ajiye butoci maimakon barin famfo a buɗe, a kuma karkatar da ruwan zuwa gindin shuke-shuke.

Ledar fiya wata ita ce ta fi damuna. Wanda ya tuna daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka hallaka mutane fiye da 150, ya san abin da toshewar magudanai da kogin Odaw ke haifarwa. Babbar gorar ruwa ɗaya mai kusan lita 19 tana maye gurbin leda wajen 38. A sa irinta a kowane bene, kowa ya zo da kofinsa, a kuma ware kwando dabam na roba da leda, a shirya da masu tsintarsu su zo su kwashe duk mako.

Mataki na ƙarshe yana hannun jami'in saye da mai kula da sito. Dokar sayayyar gwamnati ta 2003, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta ba da damar a duba lafiyar muhalli wajen zaɓen kaya, saboda haka a rubuta a cikin takardar neman farashi cewa firji ko na'urar sanyaya ɗaki dole ta zo da tambarin taurari na Hukumar Makamashi, wanda yawan taurarinsa ke nuna ƙarancin cin wutar na'ura, a kuma faɗi mafi ƙarancin taurarin da za a karɓa. Mai araha a ranar saye sau da yawa ita ce mai tsada a shekara biyar.

Tsofaffin kwamfutoci da batura da ke jibge a ƙarƙashin matakala kuma, kada a bari su sulale ta bayan fage. Mun san inda irinsu suke ƙarewa: shekara da shekaru matasa, da yawansu 'yan'uwanmu ne daga arewa, suna ƙona wayoyi a Agbogbloshie, matattarar tarkacen kayan lantarki a Akra, don ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙin, har aka rushe wurin a 2021, sana'ar kuma ta watsu zuwa wasu unguwanni. A kafa kwamitin tantance tsofaffin kaya kamar yadda dokar ta tanada, a goge bayanan da ke cikin kwamfutocin, a miƙa su ga kamfanin da ke da lasisin hukumar kare muhalli, a karɓi takardar shaida a saka a fayil.

Bayan wata uku, a sauke shafin nan da ke allon sanarwa, a ƙara sababbin alƙaluma kusa da na bara, a karanta su a taron ma'aikata, a kuma gayyato mai gadin yamma ya zo da littafinsa.