Yadda ake raba bayanai a aikin titi ko gada ba tare da an yi gini da tsohon zane ba

Aikin gwamnati hannu da yawa ne a cikinsa: ma'aikatar da ta bada aikin, kamfanin da ya yi zane, ɗan kwangila da ƙananan 'yan kwangilarsa, ga hukumar ruwa, ga masu wuta da masu kebul. Sabbin shiga kuwa guruf suke buɗewa a WhatsApp su ɗauka shikenan an haɗa kowa.

Tun kafin katafila ta iso, ku zauna ku rubuta wa zai kawo wane bayani, yaushe, wa zai sa hannu. Sunan mutum za a rubuta, "ofishin injiniya" baya ɗaga waya.

Daga nan a ware waje ɗaya tak da duk fayil zai zauna, shi ake kira CDE a ISO 19650, ƙa'idar duniya ta tsara bayanan aikin gini da ta fito a 2018. Ba dole sai manhaja mai tsada ba, in aikin ƙarami ne folda a SharePoint, ma'ajiyar fayil ta Microsoft a intanet, ta isa.

Toh ga inda ake faɗuwa. Kowane zane matsayi huɗu gareshi: ana kan aiki, an raba don a duba, an amince, sai wanda aka adana. Wanda aka amince da shi kaɗai ake gini da shi. Na sha ganin injiniya ya matsar da kwalbati a kwamfuta ya tura sabon zane a guruf, hotuna da gaisuwa suka binne shi, shi kuma mai kula da leburori yana can riƙe da tsohuwar takarda duk ta yi ƙura, an zuba kankare sai daga baya a zo ana fasawa ana nuna wa juna yatsa. Don haka kowane zane ya ɗau lambar gyara, a Ingila P01, P02 ake sawa na duba, C01 na wanda aka amince. Sabo ya fito, a je wurin aikin a karɓe tsohon da hannu a soke shi da jan biro. A guruf linki kawai za a tura, ni bana yarda a tura fayil ɗin kansa.

Taswirar bututu da kebul kuma ku nema a rubuce da wuri, amma kar ku yarda da ita ɗari bisa ɗari, a haƙa ramin gwaji da shebur tukuna.

In an gama a miƙa wa waɗanda za su ci gaba da kula da titin ko gadar zanen yadda aka yi ginin a zahiri, kuma kar a biya kuɗin ƙarshe sai ya shigo hannu.